Sanda da hauya a ƙasar Sin, sanda da hauya a ƙasar Maraɗi

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1 daga Gidan Runji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye har ya kai Gazawa, in ya lura da mutanen da ke tafe a bakin hanya ranar kasuwa, da wuya ya ga namiji hannu sake. Makiyayi yana tafe da sandarsa gicciye bisa kafaɗu, manomi da hauya ko gatari a rataye, mai itace da adda, tsoho da gorarsa yana dogarawa. Ba wanda ke kallonsu da mamaki, domin kayan aiki ne da kowa ya tashi ya tarar a gidan ubansa. Amma kuma kowa ya sani, ranar da rai ya ɓaci a gona ko a bakin rijiya, waɗannan kaya su ne makaman farko da hannu ke kaiwa gare su.

Haka abin yake a ƙauyukan ƙasar Sin shekaru aru-aru. Manomin can shi ma da hauyarsa yake kwana, ɗan dako da sandar da yake rataya kaya, mai jirgin ruwa da doguwar gorar tuƙi. Abin da ya bambanta shi ne Sinawa sun mai da riƙon waɗannan kaya ilimi mai malami da ɗalibi, da littafi, da dokoki, da ranar jarrabawa. Wannan ilimi shi ne suke kira wushu, wanda samarin da suka yi kallon silima a Maraɗi da Damagaram suka fi sani da sunan kunfu. Ya cancanci a dubi yadda suka yi, a kuma dubi abin da ke akwai a gida.

Manyan makamai huɗu

A al'adar Sinawa ana lissafa makamai 18, amma huɗu daga ciki su ne ginshiƙai: sanda, da mashi, da kansakali mai baki ɗaya, da takobi mai baki biyu. Kowanne yana da kirarinsa. Sanda ita ce kakar makamai, mashi sarkinsu, kansakali jarumin fagen fama, takobi kuwa dattijo mai natsuwa. Suna da wata magana ta tsofaffi mai nuna cewa kwana ɗari sun isa a koyi kansakali, mashi sai kwana dubu, takobi kuwa sai kwana dubu goma. Abin nufi shi ne makamin da ya fi kyaun gani shi ya fi wuyar laƙanta, kuma mai gaggawa ba ya kaiwa gare shi.

Sandar da suka fi amfani da ita, tsawonta daga ƙasa zuwa girar mai ita ne. Ana yin ta da wani farin itace mai lanƙwasa wanda ba ya saurin karyewa. Da hannu biyu ake riƙe ta, kuma kai da gindi duk aiki suke: wannan ya tare, wancan ya rama. Malamansu suna cewa sanda fili take sharewa, mashi kuwa layi ɗaya yake bi. Mashin nasu yana da jan tuntu a ƙarƙashin tsini, wanda ke ɗauke idon abokin gaba, ya kuma hana jini gangarowa ga ƙota har hannu ya yi santsi. Motsinsa na asali uku ne kacal, wato kaɗe makamin abokin gaba waje, da danne shi ciki, da suka. A kan waɗannan uku ɗalibi kan shafe shekaru.

Sarakunan yaƙi biyu da littattafansu

Sunan da duniya ta fi sani a wannan fanni shi ne Shawolin, wani gidan ibada na mabiya addinin Buda da aka gina a shekara ta 495 a gindin dutsen Sun, cikin lardin Henan. Kafin a san mazaunansa da faɗan hannu, da sanda aka san su. A 1553 hukuma ta kira su suka taimaka wajen yaƙar ƴan fashin teku da suka addabi garuruwan gaɓar gabas.

Wajen 1560 wani sarkin yaƙi mai suna Yu Dayu ya ziyarci gidan domin ya ga sandar da ake ta ba shi labari. Da suka gwada a gabansa sai ya gaya musu gaskiya, cewa ainihin ilimin ya ɓace musu, saura kwalliya. Ba su yi fushi ba. Suka ba shi mutum biyu daga cikinsu suka bi rundunarsa shekara uku suna koyo, sa'an nan aka mai da abin da aka koya gida. Shi wannan Yu Dayu ya rubuta littafi a kan sanda, inda ya nuna cewa wanda ya laƙanci sanda ya sami mabuɗin sauran makamai masu ƙota.

Abokin aikinsa Ci Jiguwan, wanda ya rayu daga 1528 zuwa 1588, shi ya fi kowa nuna abin da horo ke yi wa talaka. Da ya ga sojojin gwamnati sun lalace, sai ya tafi gundumar Yiwu a 1559 ya ɗebi manoma da mahaƙan ma'adinai wajen 3,000. Ya rarraba su ƙungiya-ƙungiya, kowacce mutum 12: shugaba ɗaya, masu garkuwa biyu, masu gora biyu, masu dogon mashi huɗu, masu mashi mai baki uku su biyu, da mai dafa abinci ɗaya. Gorar nan ita ce abin lura. Ƙatuwar gora ce mai tsawon mita 4 zuwa 5, wadda aka saro ba a sassabe rassanta ba. Ƴan fashin suna da dogayen takubba masu kaifi, amma in suka afka sai rassan su sarƙe su, masu mashi su gama aiki daga baya. Da wannan dabara rundunar ta ci nasara a kai a kai a yankin Taijo a 1561.

Ci Jiguwan ya rubuta dukan wannan cikin littafi har da zane-zane, da harshe mai sauƙi domin sojan da bai yi zurfin karatu ba ya fahimta in an karanta masa. Ya tsani wasan burgewa da makami, yana ganin abin da ke ƙayatar da ƴan kallo ba ya fid da mutum ranar gumurzu. Ya kuma kafa doka cewa ba mai ci gaba shi kaɗai, ba mai ja da baya shi kaɗai. Yau fiye da shekara 450 ke nan, littafin yana nan ana karanta shi.

Benci da hauya da sandar dako

Sarakunan Sin sun sha hana talakawa riƙe makami. A shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin da ya fara haɗe ƙasar ya tattara makaman jama'a ya narke su, aka ƙera manyan gumaka 12. Zamanin mulkin Mangolawa an sake hanawa. A 1727 kuma wani sarki ya haramta koyar da dambe da sanda a ƙauyuka. To amma ba a iya hana manomi hauya, ko a hana ɗan dako sandarsa. Ga shi kuma ƙarfe da tsada, ɓarayi kuwa ba su jiran sai an sami kuɗin takobi.

Domin haka makarantun kudancin ƙasar suka shigar da kayan gida cikin darasi. Akwai makarantar Coi Li Fut wadda wani malami mai suna Can Hung ya kafa a lardin Gwandun a 1836, shekarar da aka yi yaƙin Gawakuke a ƙasar Hausa. A wannan makaranta da ire-irenta ana koyar da kare kai da dogon bencin katako irin na gidan shayi: a kama ƙafafunsa biyu, fuskarsa ta zama garkuwa, kusurwarsa ta zama kulki. Ana koyar da hauya, da manjagara, da lema, da mafici, da sandar da ake rataya guga biyu a kafaɗa. Makarantar Win Cun kuma ta riƙe doguwar gora wadda ake danganta asalinta da masu jiragen ruwa.

Hikimar da ke ciki ita ce ba a ƙirƙiro wa kowane abu sabon ilimi ba. Ana duba shi a tambaya: dogo ne ko gajere, nauyinsa a kai yake ko a tsakiya, yana da kaifi ko ƙugiya? Hauya sanda ce mai nauyi a kai, saboda haka saranta da ƙarfi amma maido ta da wuya, sai a koya wa ɗalibi ya tare da ƙota kafin ya sara. Lema gajeren mashi ce mai ƙugiya. Wanda ya san sanda, ya san rabin kowannensu.

Yadda ake koyo

Ɗalibi ba ya taɓa makami ranar da ya shiga. Da tsayuwa ake farawa: a buɗe ƙafafu a durƙusa kamar mai zaune bisa doki, a daɗe a haka har cinyoyi su yi rawa. Daga nan sai taku, sai faɗan hannu. In malami ya ga ƙafa ta kafu, sa'an nan ya miƙa masa sanda. Ƙarfe shi ne na ƙarshe, shi ma da na itace ake farawa.

Darasin hawa uku ne. Na farko maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa har hannu ya riƙe shi ba tare da tunani ba. Na biyu haɗa motsin cikin jeri mai farko da ƙarshe, wanda ake haddacewa kamar yadda almajiri ke haddace allonsa. Wannan jeri shi ne ma'ajiyar ilimin, domin da shi ake miƙa shi daga malami zuwa ɗalibi ko da babu takarda. Na uku shi ne gwaji tsakanin mutum biyu, da farko bisa tsarin da aka shirya, daga baya a sake su.

Bayan waɗannan akwai abin da suke kira wude, wato ladabin mai makami. Makarantu da dama suna da dokoki a rubuce: girmama malami da iyaye, haramcin cin zalin mai rauni, haramcin tsokana da maye da alfahari. Malami yana da ikon ya ƙi ɗalibin da ya ga zuciyarsa da zafi, ko ya kore shi bayan shekaru. A ganinsu, koya wa marar haƙuri sanda kamar ba yaro wuta ne a tsakiyar rumbuna.

Abin da ke akwai a gida

Ƙasar da ke tsakanin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba ba baƙuwar makami ba ce. Bayan da Birnin Katsina ya fita hannun sarakunan Haɓe a 1807, zuriyarsu ta yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Bayan wannan ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Runji a yau. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, musamman zamanin Ɗan Baskore wanda ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875, da wuya rani ya wuce ba a fita yaƙi ba ko ba a tari hari ba. Baturen Jamus Bart, wanda ya yada zango a Gazawa cikin Janairu 1851 kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya tarar da garin kewaye da kafi mai ƙarfi da rami mai zurfi, domin daga nan zuwa kudu daji ne na maƙiya.

Rundunar wancan zamani tana da tsarinta. Kaura ne babban sarkin yaƙi a Maraɗi. Akwai barade bisa dawaki, da ƴan lifida, da masu sulke da kwalkwali, da dakaru masu garkuwa da takobi, da ƴan baka. Yawancin na ƙasa manoma ne da maharba, waɗanda da damina suke gona. Kowane makami da masu saninsa: wanda ya san kyauron da ya dace da kibiya, wanda ya san haɗa dafi da kwankwani, maƙerin da ya san bambancin ruwan mashi da na asigiri da na barandami.

Koyon ma yana da matakansa, ko da yake ba a rubuta su ba. Yaro yakan fara da ɗan ƙaramin baka yana harbin ƙadangare, da majajjawa yana korar tsuntsaye daga gero. In ya tasa ya bi manya farautar rani, inda ake koyon jifan zomo da kere. Ɗan Fulani tun yana ƙarami ake ba shi sanda, ya koyi zaɓen reshen dargaza, ya gasa shi ya miƙe, ya shafe shi da man shanu. Da ita yake juya garke, ya kashe maciji, ya kare kansa. A fagen sharo kuwa, inda saurayi ke tsayawa a tsula masa bulala bai motsa ba, akwai dattawa masu sa ido, akwai ranar ramuwa, akwai abin da ba a yi. Maharba suna da sarkin baka, ƴan tauri suna da shugabanninsu da makaɗan gangi. Ashe abubuwa uku da Sinawa suka gina makarantunsu a kai, wato malami da mataki da doka, duk akwai su a nan. Takarda ce kaɗai ta yi ƙaranci.

Maganin ƙarfe da harsashi

Tarihin Sin yana ɗauke da gargaɗi kuma. Wajen 1895 ƴan fashi sun dami ƙauyukan kudu maso yammacin lardin Shandun, sai manoma suka kafa wata ƙungiya mai suna Manyan Takubba. Suna horo da dare, suna dukan jikinsu da tubali da takobi, suna ƙona layu su sha tokar cikin ruwa, da imanin ƙarfe ba zai kama su ba. Wanda ya taɓa ganin ƴan tauri suna gursa wuƙa a ciki ranar salla zai gane abin da ake nufi. Da farko hukuma ta yaba musu don sun kama ɓarayi. Ba a daɗe ba suka shiga rigimar gonaki da ƙone-ƙonen gidajen maƙwabta, har gwamnati ta kashe shugabansu Liyu Shiduwan a 1896.

Daga irin wannan tushe ne ƙungiyar da Turawa suka laƙaba wa suna Ƴan Dambe ta taso a 1899. Su kuma suka ce har harsashi ba ya huda su. Dubban samarin ƙauye suka tunkari bindigogi da masu da takubba, aka karkashe su. Cikin Agusta 1900 sojojin ƙasashe takwas suka shiga Bejin, a 1901 kuma aka ɗora wa ƙasar tarar azurfa ma'auni miliyan 450, a biya cikin shekara 39.

A daidai wannan lokaci, cikin 1899, ayarin sojan Faransa na Bule da Shanuwan ya ratsa ƙasar Hausa ta arewa yana ƙone garuruwa, daga Lugu inda ƴan bakan Sarauniya Mangu suka tare shi, zuwa Birnin Ƙonni, har tafiyar shugabannin biyu ta ƙare a yankin Ɗankori da Maijirgi cikin ƙasar Tasawa a watan Yuli. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci ba a ko'ina, amma baka da kibiya ba su iya da bindiga mai aman harsashi. Tun daga ranar, a Sin da ƙasar Hausa baki ɗaya, zamanin sanda da mashi a matsayin kayan yaƙi ya wuce.

Wannan magana tana da muhimmanci ga gundumar Gidan Runji, wadda tun 2019 ta karɓi dubban ƴan gudun hijira da suka tsero wa ƴan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Duk wanda ya gaya wa saurayi cewa gora ko laya za ta tare masa harsashi, ya tura shi ga halaka. Tsaron iyaka aikin hukuma ne da jami'anta.

Ranar da babu mai tsawatawa

In sanda ta daina amfani a yaƙi, ba ta daina kisa a gida ba. A ƙarshen Oktoba 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Runji, rigimar manoma da makiyaya ta jawo mutuwar mutum sama da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya ne suka wayi gari a haka. Bayan wannan masifa aka fito da dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, aka kafa kwamitocin kula da filaye, sa'an nan dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta biyo baya. An shata burtuloli, ana kuma sanar da ranar sakin gonaki kowace kaka.

Dokoki sun rage ɓarna, amma doka tana ofis, sanda kuwa tana hannu. A lokacin da shanu suka shiga wake, ko aka toshe burtali, abin da ke yanke hukunci cikin daƙiƙa biyar na farko shi ne tarbiyyar mai riƙe da sandar. A da, wanda ya koya wa yaro duka shi ke koya masa inda ba a duka, da wanda ba a duka, da lokacin da ake sauke hannu in babba ya yi magana. Yanzu tsofaffin maharba da sarakunan samarin Fulani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, daji ya zama gona, farauta ta ja baya, samari suna tafiya cin rani. Makamin ya rage a hannu, ladabinsa yana tafiya da masu shi.

Darasin kokowa

Sinawa da suka ga zamani ya juya, sai suka sauya wa ilimin mazauni. A 1910 aka buɗe ƙungiyar Jinwu a Shangai domin koyar da kowa a fili. A 1928 gwamnati ta kafa babbar cibiya a Nanjin. A 1958 aka kafa ƙungiyar wushu ta ƙasa, a 1990 ta duniya, aka yi gasar duniya ta farko a Bejin a 1991. A gasar zamani ana wasa bisa shimfiɗa mai mita 14 a tsaye da 8 a kwance, sandar ɗan wasa ba ta gaza tsawonsa, takobi kuwa marar kaifi ne. Alƙalai ke ba da maki bisa tsabtar motsi da ƙarfi da daidaito. A 2020 aka tsai da shawarar shigar da wushu cikin gasar Olamfik ta matasa ta Dakar ta 2026. Wasu tsofaffin malamai suna kukan cewa kwalliya ta yi yawa, irin kukan da Yu Dayu ya yi a Shawolin, amma ko ba komi ilimin bai mutu ba.

Ƙasar Nijar ta riga ta yi irin wannan aiki sau ɗaya, kuma ya yi kyau. Kokowa wasan dandali ce ta bayan girbi, sai a 1975 aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, aka yi mata dokoki da alƙalai. Wanda ya ci ta ɗan jahar Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Yau kowace jaha cikin takwas tana kawo ƴan kokowa 10, kyautar sarkin fage kuwa takobi ce, makamin da ake ɗagawa sama ba a sari kowa da shi ba. Haka nan Abdul Razak Isufu Alfaga ya nuna cewa ɗan ƙasar nan yana iya laƙantar wasan faɗa na Asiya, da ya ciwo lambar azurfa ta taikwando a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

Aikin da ke jira

Mataki na farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A gundumomin Agye da Gidan Runji, da Gazawa wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, akwai ɗaruruwan maza da mata da suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, suna iya rubuta harshensu. Kowane ɗayansu yana da tsoho a unguwarsu wanda ya san sunayen riƙon sanda, da yadda ake ɗaure tsarkiya, da dokokin farauta da na sharo, da abin da ake yi wa wanda ya karya su. Littafin rubutu ɗaya da alƙalami sun isa a fara. A rubuta sunan motsi, a zana tsayuwar ƙafa, a rubuta dokar da ke tare da shi, kamar yadda Ci Jiguwan ya yi wa manomansa.

Mataki na biyu na magabata ne: sarakunan gargajiya, da shugabannin gundumomi, da ma'aikatan matasa da wasanni da al'adu. Su ke da ikon tara sarkin baka da arɗo da malaman lakwal su zauna su fid da wasan sanda da harbin baka mai dokoki, da sanda marar nauyi, da kariyar kai, da alƙali mai busa. In aka sa shi cikin bukukuwan bayan girbi kusa da kokowa, ɗan manomi da ɗan makiyayi za su haɗu a fage ɗaya ƙarƙashin doka ɗaya, su gwada ƙwanji, su yi musafaha a gaban jama'a. Waɗanda suka saba haɗuwa a haka, da wuya su rasa abin da za su ce wa juna ranar da suka haɗu a bakin gona.

Hausawa sun ce da sandar da ke hannunka ake jifa, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsofaffin da suka san wannan ilimi suna nan da sauransu a Tsibiri da Gangara da Cadawa da Saye Sabuwa, amma ba za su daɗe suna jiran mai tambaya ba.